Kamfaninmu ya rufe, ina makomar kuɗin fanshona?

Tambaya: Shekara da shekaru ina aiki a wata masana'anta a Khartoum Bahri, ana yankar albashina da sunan fansho. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe ta. Kuɗina sun bi ruwa ke nan? Mai karatu, Omdurman.

Amsa: Malam, Allah ya kawo sauƙi. Kwantar da hankalinka tukuna. A dokar Sudan ta 2016, wadda ta haɗe asusun fansho na ma'aikatan gwamnati da na inshorar ma'aikatan kamfanoni, ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashinka, mai kamfani ya ƙara kashi 17, a zuba a asusun ƙasa. Ke nan haƙƙinka yana wuyan asusun, rufe masana'anta bai kashe shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ko an zuba kuɗin da gaske, don wasu masu kamfani sukan yanka su riƙe. Je ofishin asusun da lambarka ta inshora da lambar ɗan ƙasa, ka nemi a buga maka watannin da aka biya. Takardar ɗaukar aiki, takardun albashi, ko da ruwa ya taɓa su, ɗauki hotonsu a waya yau ɗin nan, ka tura wa wani ɗan'uwa. In sun ƙone, nemo tsoffin abokan aikinka su yi maka shaida.

Gaskiya tsadar rayuwa ta cinye darajar fam ɗin Sudan, abin da za ka samu ba zai kai yadda ka zata ba. Duk da haka guminka ne, kada ka bar shi, kuma kada ka miƙa wa ɗan kamasho takardunka na asali.