Gyaran Ƙashin Baya

Ƙashin bayan mutum ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere, wani bisa wani. Akan haifi wani yaro ɗaya daga cikinsu bai cika ba. Yana girma, bayansa yana karkacewa.

A 1911 wani likita a Amurka, Russell Hibbs, ya soma aikin haɗa ƙasusuwan baya su zama ɗaya. Inda aka haɗa yakan daina karkacewa, amma kuma ba ya ƙara tsawo.

To, nan wuyar take. In biyu ko uku kaɗai aka haɗa, galibi yaro yakan tashi lafiya. In kuwa an haɗa da yawa daura da ƙirji tun yana ƙarami, sai ƙirjin ya kasa buɗewa, huhu ya rasa wurin girma. Bayan shekaru, ko ɗan gudu ya yi sai haki.

Saboda haka yanzu likitoci sukan sa sandunan ƙarfe waɗanda ake ƙara wa tsawo lokaci lokaci, su dakata da haɗawa sai yaro ya tasa.

Tambaya: Me ya sa likitoci suke dakatawa?