Yadda ake babbar sharar gida kafin damina ba tare da an faɗi ba

A Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, babbar shara tana zuwa ne tsakanin tafiyar hunturu da saukar damina. Ƙura ta kwanta a saman kabad da fanka, ganyen bedi ya toshe indararo, soro yana neman yaɓe. Wanda ya ga ɓarnar da ruwa ya yi wa Maraɗi a daminar 2024 ba sai an ce masa ya gyara rufinsa ba. Sai dai a wajen wannan gyara ne mutane ke karyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Abin da ke kare mutum shi ne bin aikin daki-daki.

Na ɗaya, zaɓi lokaci. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma jiri a saman tsani ba ya ba da sanarwa. A fara bayan sallar asuba, da gari ya waye sosai, a tsaya kafin rana ta take. A sha ruwa, a raba aikin kwana biyu ko uku.

Na biyu, buɗe hanya. A kwashe turmi da taɓarya, murhu, bokitai da wayar wuta daga tsakar gida. A kwance igiyar shanya, a naɗe tabarmi da leda. A rufe bakin rijiya da murfi mai nauyi.

Na uku, aikin sama, ƙafa a ƙasa. A ɗaura tsintsiya a doguwar sanda a share yanar gizo da ita. Kada a taka kujerar roba, ko jarka, ko kifaffen turmi. Roba da ta sha rana tana tsagewa ba zato. Uwar gida ta ɗaure zani ya tsaya sama da idon sawu, ta ajiye dogon hijabi ta ɗaura kallabi.

Na huɗu, tsani. A duba kowace matakala, ko gara ta ci ko ƙusa ta saki. A kafa shi a ƙasa mai tauri, domin rairayi yana zamewa. In tsayin bango mita 4 ne, gindin tsani ya ja baya mita 1, kansa kuma ya wuce bakin rufi da kamar mita 1. Babban mutum ya riƙe gindin, ba yaro ba. Mai hawa ya fuskanci tsanin, ya riƙe shi da hannu biyu, a miƙa masa kaya da igiya bayan ya isa.

Na biyar, saman rufi. Kafin a hau soro, a duba azara daga cikin ɗaki. In ta lanƙwasa ko tana zubar da gari, a kira magini. A rufin kwano, a taka layin ƙusa kawai, inda katako yake a ƙasa. A nisanci wayar wuta ta NIGELEC, kuma kada a ja da baya ana shara a bakin rufi.

Na shida, ruwa a ƙarshe. Ruwan sabulu a kan siminti mai sulɓi ko tayil yana kayar da tsofaffi. A wanke ɗaki ɗaya, daga ƙurya zuwa ƙofa, a tsane shi, ya bushe, sannan a shiga na gaba. Silifas da gindinsa ya cinye a jefar. Kaka da mai juna biyu da ƙananan yara su zauna a inuwa har a gama. In kaka ta nace sai ta taimaka, a ba ta ninkin tufafi tana zaune.

In an faɗi. Kada a yi saurin ɗaga mutum. In yana kukan wuya, ko baya, ko ƙugu, ko ya kasa taka ƙafa, a bar shi kwance a nemo taimako. In ya bugu a kai ya suma, ko yana amai, ko maganarsa ta rikice, a kai shi asibiti nan take, ko da ya ce ya warware. Karaya kuma a fara ɗaukar hotonta kafin a yi maganar ɗori.

Maigida, in ka san ƙafarka ba ta da ƙarfin da, biya matashi mai sana'a ya hau. Kuɗin aikinsa bai kai na jinyar karaya ba, kuma iyali suna buƙatarka a tsaye ranar shuka.