Darasin Nazari: Haƙƙin Mutum Idan Ya Ƙetare Iyaka

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na Dambatta, Makoɗa, Kunci da Bici, gona tana manne da gona, kuma kowane rabon gado yana ƙara ƙanƙantar da ita. Shi ya sa da an gama girbi samarinmu ke fita cin rani, wasu Legas ko Fatakwal, wasu Damagaram da Agadas. Wake da dabbobin Nijar suna shigowa ta Mai'aduwa da Maigatari, hatsin kasuwar Dawanau kuwa yana haurawa arewa. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyinsu na tsakanin 1898 da 1906 ta raba gwamnatoci, amma auratayya da fatauci ba su tsaya ba. Abin da za mu bincika shi ne: idan ɗanmu ya wuce Kwangwalam, wane haƙƙi ke binsa, wa kuma zai tsaya masa?

A Ayyukan Manzanni sura 22, an ɗaure Bulus za a yi masa bulala a Urushalima. Da ya bayyana cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, sai masu bulalar suka ja da baya. Zamansa ɗan ƙasa ya bi shi har inda ƙafarsa ta kai. Amma wannan gata ne na 'yan kaɗan, domin shugaban sojan da kansa da kuɗi masu yawa ya saye shi. A 1963 Paparoma Yohanna na 23, cikin wasiƙarsa Pacem in Terris, ya koyar cewa zaman mutum ɗan wata ƙasa ba ya fitar da shi daga iyalin 'yan Adam, kuma yana da haƙƙin ƙaura idan akwai dalili na gaskiya.

Dattawanmu sun ga abin da ke faruwa idan babu wannan kariya. A 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta kori baƙin da ba su da takardun zama, ciki har da Hausawan da aka haifa a zangon Kumasi. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi wa mutanen Gana da sauran baƙi irin wannan kora, duk kuwa da cewa tun 1979 ƙasashen ECOWAS sun amince ɗan kowace ƙasa cikinsu ya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba.

Mu daɗe a kan shari'ar Hadijatu Mani, domin a nan ne talaka ya ga amfanin dokar da ta fi ƙarfin ƙasa guda. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a yankin Birnin Ƙonni a matsayin wahaya. Bayan an ba ta takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai tsohon ubangidanta ya kai ƙara cewa matarsa ce, aka yanke mata ɗaurin wata shida. A wannan shekara ta 2005 ne aka buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙofar Kotun ECOWAS, su kai ƙarar gwamnati kan tauye haƙƙi, ba sai sun gama zagaya kotunan gida ba. Da taimakon ƙungiyar Timidriya ta bi wannan ƙofa. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta yanke cewa Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Mace ce 'yar ƙauye, ba ta da uba a gindin murhu, ga shi ta tsayar da gwamnatin ƙasarta a gaban alƙalai.

Sai dai wannan rumfa ba ta da ƙwari yadda muke zato. A Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu har zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyakar Nijar, aka yanke mata wutar lantarki, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. A ranar ƙungiyar ta sanar za ta ci gaba da karɓar takardun tafiyarsu har sai an yi sabon shiri, amma abin da dā yake haƙƙi rubutacce ya koma alfarma. Ƙofar da Hadijatu ta bi kuwa, ƙanwarta ta yau ba ta da tabbacin samunta a buɗe.

A nan dimokuraɗiyyarmu ta gaza. Ba a tambayi manomin Kunci ba kafin a ƙaƙaba takunkumi, sojojin Yamai ma ba su tambayi na Matamaye ba kafin su fice. Majalisar ECOWAS kanta ba mu muke zaɓenta kai tsaye ba, majalisun ƙasashe ne ke tura wakilai daga cikinsu. Ƙuri'armu tana tsayawa a iyaka, alhali farashin takin zamani da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar a 2022 bai tsaya ba.

Kada kuma mu nuna iyaka da yatsa mu manta da gida. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so, sashe na 42 ya hana wariya saboda ƙabila, addini ko asali. Duk da haka wanda aka haifa a Sabon Garin Kano, ko Bahaushen da aka haifa a Jos, yakan rasa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, ya rasa gurbin karatu ko aiki.

Kafin samari su fita ranin bana, iyaye su tabbata kowane yana riƙe da lambar shaidar ɗan ƙasa, mai niyyar ƙetare iyaka kuma ya nemi takardar tafiya a ofishin shige da fice. A taron zumunta na wannan mako mu tattauna wannan: mutanen Nijar da ke ƙodago a gonakinmu da damina, idan mai gona ya hana su ladansu, wa suke kai wa kuka a ƙauyenmu?