Tarbar Baƙo a Masaukin Dafa-da-Kanka

Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a sashenmu na kula da baƙi da harkar otal da wuya ka gama zango ɗaya ba a jawo maka wannan karin magana a aji ba. To amma akwai wani irin masauki da ke ta yaɗuwa a Abuja da Kano da Kaduna da Jos, inda fuskar ma babu ita. Gida ne da ake bayarwa haya na 'yan kwanaki da kayansa cif, gado da kujeru da kicin, wanda 'yan gari ke kira shotlet. Babu teburin karɓar baƙi, babu kuku, babu mai kai abinci ɗaki. An miƙa maka makulli, shi ke nan, ka girka da kanka, ka wanke kwanonka. A irin wannan wuri tabarmar ce za ta yi aikin fuska, dole gidan da kansa ya yi wa baƙo maraba. A irinsa na yi shekarar koyon aiki bayan na kammala ND, kuma na ga ya kamata in rubuta wa 'yan uwana ɗalibai abin da na fahimta, domin da yawanmu can za mu fara samun aiki, ba a manyan otal ba.

Abin ba sabo ba ne a duniya. A Faransa an kafa ƙungiyar Gîtes de France tun 1955, don mutanen karkara su riƙa ba masu hutu hayar gidajensu, kuma ba da taurari take auna darajar gida ba, da zangarniyar alkama ne, daga ɗaya zuwa biyar. A Ingila ma iyali kan kama ɗan ƙaramin gida a ƙauye ko bakin teku su yi mako guda suna girka wa kansu. Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, shi ya ɗora harkar a kan waya har ta iso mana.

Kafin komai, ka tambayi kanka wane ne wannan baƙon, kuma me ya hana shi zuwa otal. A nan wajenmu ba duka ne masu yawon buɗe ido ba. Akwai dangin amarya da suka zo biki su takwas, akwai wanda ya dawo daga ƙasar waje da iyalinsa don Sallah, akwai masu jinyar ɗan uwa a asibitin koyarwa da za su yi sati biyu suna dafa wa majiyyaci abin da likita ya ce, akwai ma'aikacin da aka turo aikin wata guda. Dukansu abu biyu suke saye da kuɗinsu: kicin da sirri. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Tarba tana farawa ne tun baƙo bai baro gidansa ba. Kwana ɗaya kafin zuwansa ka aika masa da kwatance ta WhatsApp, da alamar wurin a taswira, da hoton ƙofar gidan. Taswira kaɗai ba ta isa ba, kowa ya san yadda takan kai mutum bayan layi ta ce ya iso. Ka rubuta kwatance irin na mutane: bayan gidan mai, kwana ta biyu a dama, baƙin get. Ka tambaye shi ƙarfe nawa yake sa ran isowa, su nawa ne, akwai yara ko tsoho. Kuma ka sanar da maigadi sunansa. Babu abin da ke ɓata wa matafiyi rai kamar ya kwaso gajiyar awa shida ya tsaya a bakin get ana ce masa "ba a gaya mini ba".

Daga nan sai mintunan farko bayan ya buɗe ƙofa, waɗanda a ganina a cikinsu yake yanke wa gidan hukunci. Hanci ne ke fara shiga. Gidan da ya kwana uku a rufe yana da wari irin nasa, don haka ka buɗe tagogi da safe, ka zuba ruwa a magudanar bayi da ta kicin, domin idan ruwan da ke kwance a lanƙwasar bututu ya bushe, warin masai ta nan yake hawowa. Turaren wuta kaɗan ya isa, kada ka turnuƙe ɗaki, wani yana da asma. Idan lokacin zafi ne ka kunna firiji da na'urar sanyaya ɗaki awa ɗaya kafin isowarsa. Idan da dare zai zo, a bar fitilar waje da ta falo a kunne. Ruwan sanyi a firiji kuwa ba alfarma ba ce, haƙƙi ne, ko a gidan talaka da shi ake fara tarar baƙo.

Bari in daɗe a kicin, don nan ne masu gidaje suka fi yin sakaci. Za ka ga an kashe maƙudan kuɗi a kan labule da talabijin, amma ka shiga kicin ka tarar da tukunya ɗaya da wuƙar da ko tumatir ba ta yankawa. Hanyar da aka koya mini mai sauƙi ce: ka tsaya a kicin ɗin ka dafa shinkafa da miya a zuciyarka, tun daga wanke shinkafa har zubawa a faranti. Duk abin da hannunka ya nema bai samu ba, ka rubuta. Nan za ka gane babu matsami, babu ludayi, babu katakon yanka, babu abin markaɗe, babu muciya idan tuwo za a yi, babu ashana. Gidan da aka ce na mutum shida ne, a sa masa faranti da kofi da cokali na mutum goma sha biyu, domin ba wanda ya zo hutu don ya wanke kwano tsakanin karin kumallo da abincin rana. A ajiye gishiri, da sukari, da ganyen shayi, da 'yar kwalbar man girki, da sabulun wanki da sabon soso. Sabo na ce. Soson da wani ya yi amfani da shi, ko ya yi kwana ɗaya ne, a jefar.

Turawa suna da al'adar ajiye wa baƙo 'yar guzurin daren farko, burodi da madara da wani abu na yankin. Mu ma muna da namu, kuma ya fi armashi: dabino, ko kilishi, ko ƙuli-ƙuli, ko dankalin Turawa idan a Jos ne. Sai dai ka rubuta abin da ke ciki, saboda akwai waɗanda gyaɗa ke yi wa mummunar illa, kuma kilishi da ita ake yin sa. Ragowar abincin baƙon da ya tafi kuwa ba kyauta ba ce, a kwashe.

Yanzu ga wanda ya fi duk waɗannan nauyi, don shi rai ne. A otal akwai ma'aikata cikin dare, a nan babu. Ka bar mutum shi kaɗai da tukunyar gas da janareta a gidan da bai san kansa ba. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke shaƙa sama da sau 200. Mutum yana barci sai dai a wayi gari. Duk mun sha jin labarin iyalin da aka tarar a haka. Janareta a waje yake zama, nesa da taga da ƙofa, kamar mita shida, ba a baranda ba, ba a ƙarƙashin bene ba, ko da ana ruwan sama. Ka gina masa rumfarsa, ka sa na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska kusa da ɗakunan kwana. A Jos da sanyi wani baƙon zai so shigar da garwashi ɗaki ya rufe ƙofa. Illar ɗaya ce, ka ba shi bargo mai kauri ka kuma gaya masa dalili.

Gas ɗin girki shi kuma ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasa yake kwanciya. Kafin kowane baƙo ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, in ka ga kumfa na tashi to akwai yoyo. Ka rubuta a bango da manyan baƙaƙe: in kun ji warin gas kada ku taɓa makunnin wuta, ku rufe kan tukunya, ku buɗe tagogi, ku fita. Abin kashe gobara ya kasance kusa da ƙofar kicin, ba a bayan murhu ba inda wutar za ta tare hanya. Kuma tunda tagoginmu duk da ƙarfe, baƙo ya san inda makullin ƙofar baya yake.

Wuta da ruwa, in ba ka yi bayaninsu ba, to ka shirya amsa waya ƙarfe biyun dare. Ka cika tanki, ka zuba wa mita kuɗin da zai kai shi ƙarshen zamansa, kada ka bar baƙo yana lalube da tocila yana danna lambobi ashirin. A bayi a sami buta da bokiti, komai tsadar gidan. A ɗaki a sami darduma mai tsabta da 'yar alamar alƙibla, wadda daga nan arewa gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa. Wanda ba ya buƙata ba ta dame shi ba, wanda ke buƙata kuwa ka hutar da shi. Gidan sauro ma haka, musamman da damina.

Duk wannan bayani ka tara shi a takarda, shafi biyu ko uku, da Hausa da Turanci. Lambar sirrin intanet a sama, don ita za a fara nema. Sai lambarka, da ta maigadi, da 112 ta gaggawa, da asibiti da kantin magani mafi kusa, da masallaci da coci, da inda ake sayen gas da kayan miya. Wasu masu gida sukan cika bango da "an hana, an hana", har baƙo ya ji kamar ya shigo makarantar kwana. Doka uku ko huɗu da dalilinsu sun fi guda ashirin da ba mai karantawa.

Idan kai ne ka miƙa makulli, minti goma sun ishe ka. Ka yi masa sannu da hanya, ka nuna gas da wuta da ruwa, ka tafi. Mutum ya gaji, matarsa tana tsaye tana jira ka fita ta cire mayafi. Washegari da hantsi ka aika saƙo ɗaya: "Barka da asuba, Alhaji, da fatan an tashi lafiya. Akwai abin da ake buƙata?" Daga nan ka ja bakinka sai an neme ka. Amma in an neme ka, ka amsa nan take. Airbnb ba ya ba mai gida lambar yabonsa ta Superhost sai makinsa ya kai 4.8 cikin 5, kuma yana amsa kashi 90 cikin ɗari na saƙonni cikin awa 24. Ba a shiga gidan da baƙo ke ciki sai da izininsa, ko mai shara ce. Kyamara a cikin gida kuwa kada ma a fara, shi kansa kamfanin ya haramta ta gaba ɗaya tun Afrilun 2024, ta waje kuma dole a sanar. Ka ja wa maigadi kunne a kan surutu, wa ya zo, wa ya fita, ba labarin teburin mai shayi ba ne.

Saura kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna, wanda shi ne ya fi haddasa rigima a harkar. Ka faɗi adadinsa da ranar mayarwa tun kafin a biya haya, ka ɗauki hoton kowane ɗaki kafin shigar baƙo, ka kuma mayar a ranar da ka ce. Kofi ɗaya da ya fashe ba ɓarna ba ce, kuɗinsa na cikin haya. Caja ko ɗan kunne da aka manta a ƙarƙashin filo, ka kira mai shi kafin ya bar gari.