Gaɓar Rake da Gaɓar Kalma

Kowa ya san ba a shan rake da sanda guda. Gaɓa gaɓa ake karya shi, sa'an nan a sha. To, kalma ma tana da gaɓoɓi kamar rake. Haɗeja gaɓa uku ce, Ha-ɗe-ja. Kirikasamma kuwa biyar, Ki-ri-ka-sam-ma, amma ba yaron da ke jin tsoron faɗinta.

Sai ga shi in yaro ya tarar da doguwar kalmar Ingilishi cikin littafi, sai ya yi turus, ko ya tsallake ta. Ga misali irrigation, watau ban ruwa, irin wanda manoman Auyo ke yi da ruwan Kogin Haɗeja, su noma shinkafa da alkama da rani. Haruffanta 10 ne, amma gaɓoɓinta 4 kaɗai, ir-ri-ga-tion. Ashe ba ta ko kai Kirikasamma ba!

Rabawa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Bahaushe da hawan murya da saukarta yake bambanta kukan jariri da kukar miya. Bature kuwa gaɓa ɗaya yakan zaɓa cikin kalma ya danna ta da ƙarfi, sauran ya bi ta kansu da sauri. Cikin wannan kalma gaɓa ta uku ake dannawa, ana faɗinta "ge". Ta ƙarshe kuwa "shan" ake cewa, a hankali. Wanda ya danna wata gaɓa dabam, ko da ya faɗi kowane harafi, da ƙyar mai sauraro zai gane shi.

Asalin kalmar irrigate ne, watau a ba shuka ruwa, nan kuwa gaɓar fari ke da ƙarfi. Da aka liƙa mata wutsiya, sai ƙarfin ya matsa gaba. Haka educate ta zama education, watau ilmi. Duk kalmar da ta ƙare da wannan wutsiya ta tion, gaɓar da wutsiyar ke bi ita ake dannawa.

Saura tarko ɗaya. Bakin Bahaushe yakan so cusa wasali tsakanin baƙaƙe, shi ya sa bread, gaɓa ɗaya tak, ta zama burodi, gaɓa uku. A Hausa wannan daidai ne. Amma mai karatun Ingilishi kada ya ƙara wa kalma gaɓar da ba tata ba.

Yanzu kowa ya raba examination, ya tafa hannu a kowace gaɓa, ya nemo wadda ake dannawa.