Darasi: Bizar Aiki a Birtaniya, Takardu da Tsawon Jira

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu da yawa akwai 'ya'ya maza da mata da suka gama makarantar jinya, suna sa ran samun aiki a Birtaniya. Sau da yawa iyali ne ke haɗa kuɗin tafiyar. A sayar da hatsi, a sayar da shanu, wani lokaci har a jinginar da gona. Saboda haka ya kamata iyaye ma su san yadda abin yake tafiya. Jiran amsar biza gajere ne. Haɗa takardu ne ke cin lokaci, kuma yawancin takardun suna da ranar da za su daina aiki.

Aiki ne farko, biza daga baya

Tun watan Disamba 2020, Birtaniya take amfani da tsarin bizar ƙwararrun ma'aikata, kuma ma'aikatan lafiya suna da nasu reshe a ciki. Ba a ba mutum wannan biza don ya je ya nemi aiki. Sai wani asibiti ko kamfani mai lasisin gwamnati ya ɗauke shi, ya ba shi shaidar ɗaukar nauyi. Wannan shaida lamba ce a kwamfuta. Dole a nemi biza cikin wata 3 bayan an ba da ita, in ba haka ba ta mutu.

Takardu da wa'adinsu

1. Jarrabawar Turanci. Sakamakonta yana aiki shekara 2. Ma'aikacin jinya yana bukatarta don yin rajista da hukumar jinya ta Birtaniya.

2. Gwajin tarin fuka. Ɗan Najeriya da zai zauna fiye da wata 6 dole ya yi hoton ƙirji a asibitin da Birtaniya ta amince da shi, kamar na hukumar IOM a Abuja da Legas. Ba a karɓar na wani asibiti dabam. Takardar tana aiki wata 6.

3. Kuɗi a banki. Fam 1,270, su kwana 28 a jere ba su ragu ba, kuma rana ta 28 ta faɗo cikin kwana 31 kafin ranar neman biza. Idan mai ba da aikin ya rubuta cewa zai ɗauki wannan nauyi, ba a bukatar wannan shaida.

4. Takardar 'yan sanda mai nuna ko mutum ya taɓa yin laifi. Ana neman ta ga masu aikin lafiya da koyarwa.

5. Fasfo mai aiki. A duba suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a dukan takardu.

Ku lura da wannan tsari: a fara da jarrabawa, sai neman aiki, sa'an nan gwajin tarin fuka da ajiyar banki. Wanda ya yi hoton ƙirji tun bai sami aiki ba, zai iya biya sau biyu. Sauri ya haifi nawa.

Tsawon jira

Ga mai nema daga wajen Birtaniya, amsa takan zo cikin mako 3. Ana fara ƙirga kwanakin ne bayan an ɗauki hotonsa da na yatsunsa, an kuma miƙa takardu. Jiran yakan ƙaru idan ana so a tabbatar da wata takarda, ko a yi wa mai nema tambayoyi.

Idan an nemi ƙarin takarda, ta imel saƙon zai zo, tare da ranar ƙarshe ta ba da amsa. Wannan ba ƙin ba da biza ba ne. Amma idan ranar ta wuce, za a yanke hukunci a kan abin da ke hannu. Saboda haka mai nema ya sa adireshin imel nasa na kansa, kada ya bar na dillali. Idan babu sabis a ƙauye, a sa wani amintacce a gari ya riƙa dubawa kullum.

Hattara da mazambata

A ranar 22 ga Yuli 2025, Birtaniya ta daina karɓar sababbin masu neman bizar aikin kula da tsofaffi da naƙasassu daga ƙasashen waje. Wannan bai shafi ma'aikatan jinya masu rajista ba. Duk wanda ya ce zai sayar muku da gurbin aikin kula da tsofaffi, kada ku ba shi ko kwabo. Haka kuma tun ƙarshen Disamba 2024, an hana mai ba da aiki karɓar kuɗin shaidar ɗaukar nauyi daga hannun ma'aikaci. Wanda aka kama da takardar jabu kuwa, za a iya hana shi biza har shekara 10, ko da dillali ne ya haɗa ta.

Dokokin nan suna canzawa. Kafin a kashe kuɗi, a duba shafin gwamnatin Birtaniya a intanet.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wace takarda ce ya kamata a fara nema, kuma don me?
2. Wane ne a cikinmu zai iya taimakon iyali wajen karanta imel?
3. Waɗanne tambayoyi iyaye za su yi kafin su sayar da dabba ko su jinginar da gona?