Sa'ad da Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan An Sauya Mata Furosesa

Tun daga shekara ta 2015 hukumar JAMB ta bar jarrabawar takarda da fensir, duk ɗalibin da ke neman shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta. Wannan ya sa ɗakin kwamfuta ya zama abin tattali a makarantunmu na ƙasar Funtuwa da Malumfashi. Yawancin na'urorin da muke da su na gwanjo ne, irin su Dell da HP waɗanda suka gama aikin ofis a Turai da Amurka, suka sauka Legas, suka biyo ta Kano ko Zariya kafin su iso mana. Kuɗin da aka saye su da shi kuwa mun san inda ya fito: masara da auduga da waken soya na iyaye ne, da gudummawar tsofaffin ɗalibai da 'yan'uwa na ikkilisiya. In guda ɗaya ta tsaya, masu zama bibbiyu sai su koma uku-uku, wani kuma ya shiga jarrabawa bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta yadda ya kamata ba.

Darasinmu na bana a kan matsala ɗaya ce da ke ƙara yawa. Kwamfuta tana aiki, sai dai tana da nauyin jiki. Aka sayo mata furosesa mai ƙarfi, watau ɗan ƙarfen nan mai kusurwa huɗu da ke yin dukan lissafi, aka cire tsoho aka sa sabo, aka danna makunni. Fanka ta juya, allon kallo ya tsaya baƙi. Ko kuwa ba abin da ya motsa sam.

Abin da mutum yakan fara cewa shi ne an cuce shi, an sayar masa da mataccen kaya. Yana yiwuwa, amma ba safai ba, gama furosesa tana cikin sassan da suka fi wuyar mutuwa. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, ita da babban allon da take zaune a kai ne ba su dace ba. Wannan allo shi ne masu gyara ke kira madabod, ko bod a taƙaice. Manomi ya san irin masarar da ke yin kyau a jar ƙasar Bakori ba lalle ya yi a jigawa ba, laifin kuma ba na irin ba ne.

Bari mu daɗe a nan kaɗan, domin nan ne kuɗi ya fi salwanta. Kowace furosesa tana da gurbin da aka yi dominta, ana kiransa soket. Kamfanin Intel ya fito da soket LGA 1155 a 2011, LGA 1150 a 2013, LGA 1151 a 2015. Lambar tana nuna yawan 'yan alluran da ke tsaye a cikin gurbin. Girmansu kusan ɗaya ne a ido, amma tsagar da ke gefen furosesa ba wuri ɗaya take ba, saboda haka ta 1150 ba ta kwanciya a gurbin 1155. Wanda ya danna da ƙarfi domin ta shiga ya kashe bod ɗin ke nan. Wannan mai sauƙi ne, ido yana iya kama shi.

Mai wuyar shi ne inda furosesa ta kwanta daidai, murfi ya rufe, amma duk da haka ba su san juna ba. Intel tana fitar da kayanta zubi zubi, kuma lambar farko bayan i3 ko i5 ko i7 ita ce ke faɗin zubin: i5-2400 zubi na 2 ce, i5-3470 zubi na 3, i5-6500 zubi na 6. Zubi na 2 da na 3 duk gurbin 1155 suke shiga. Amma Dell OptiPlex 790 da HP Compaq 8200 Elite, waɗanda suka cika ɗakunan kwamfuta da shagunan buga takardu, zubi na 2 kaɗai suke karɓa. OptiPlex 7010 da ta biyo baya tana karɓar duka biyu. Haka nan zubi na 6 da na 7 da na 8 duk sunan gurbinsu 1151, yawan allurai ɗaya, tsaga wuri ɗaya, amma a 2017 da zubi na 8 ya fito Intel ta sake aikin waɗansu allurai, bod ɗin zubi na 6 da na 7 ba ya tashi da ita. Kama da wane ba wane ba ne.

Wannan tarko na ƙarshe ya kama mutane da yawa kwanan nan, ga kuma dalili. A ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba, Windows 11 kuwa, in ban da 'yan kaɗan, daga zubi na 8 zuwa sama take karɓa. Sai mai kwamfutar zubi na 6 ya ce ai abin mai sauƙi ne, bari ya sayi furosesa zubi na 8 ya sa. An kawo mana irin wannan daga ofishin wata ikkilisiya, da rajistar membobi da lissafin baiko na shekaru a cikinta, sakataren hankalinsa a tashe. Muka mayar da tsohuwar furosesa, ta tashi nan take, ba abin da ya ɓata. A ganinmu, makarantar da take so ta kai zubi na 8 gara ta tara kuɗi ta sayi na'ura sukutum, domin sauya furosesa ba zai kai ta can ba.

To, da tsohuwar zuma ake magani. Kada a sayar da tsohuwar furosesa, kada a ba mai shago ita a cika masa kuɗi, sai sabuwar ta yi mako guda tana aiki. Ita ce shaidarmu. In aka mayar da ita kwamfuta ta tashi, mun san bod da ram da akwatin wuta duk lafiya suke, maganar ta tsaya tsakanin sabuwar da bod. In kuwa aka mayar da ita aka ji shiru, to wani abu ne ya taɓu lokacin aikin, sai mu bi sawu.

Akwai hali na uku, inda bod yana iya ɗaukar sabuwar amma bai taɓa jin labarinta ba. A kan kowane bod akwai ƙaramin shiri da ake kira BIOS, shi ne ke fara farkawa, ya duba furosesa da ram da sauran sassa kafin Windows ta shigo. In an rubuta BIOS kafin a ƙera furosesar, ba zai gane ta ba. Bod da yawa masu lamba H61 haka suka yi da zubi na 3. A wajen AMD ma, gurbin AM4 da ya fito a 2016 ya ɗauki zubi da dama, amma bod B450 sai an sabunta masa BIOS kafin ya tashi da Ryzen 5000 ta 2020. Maganin shi ne a mayar da tsohuwar furosesa, a sauko da sabon BIOS daga shafin kamfanin da ya yi na'urar, na wannan lamba daidai, a sa shi, sa'an nan a sake gwada sabuwar. Amma fa a kula. In wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan aiki na 'yan mintoci, bod yana iya mutuwa gaba ɗaya. Mu da muka san halin wutarmu ba ma yinsa sai da UPS mai cikakken caji ko a kan batirin sola. Janareta mai tari ba abin dogara ba ne a nan.

Yanzu mu ce an tabbata sun dace, amma har yanzu allo baƙi. Kafin hannu ya shiga cikin akwati, a zare wayar wuta daga bango, a danna makunni na 'yan daƙiƙoƙi domin sauran wutar ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin. Ɗaliban kwana sun san tartsatsin da ke fita sa'ad da suka tuɓe rigar sanyi da dare a lokacin hunturu. Wannan tartsatsi ya isa ya ƙone abin da ido ba ya gani, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu, da iska ta bushe, ya fi yawa.

Sa'an nan mu saurara, gama kwamfuta tana faɗin ciwonta. Tsofaffin HP na ofis sukan yi ƙara tit tit tare da ƙyaftawar jar fitila: sau 3 tana cewa ba ta ga furosesa ba, sau 5 tana kukan ram. Dell kuma ta kan ƙyafta fitila mai ruwan lemo a makunni, waɗansu suna da fitilu huɗu masu lamba. A ƙirga, a rubuta, a duba littafin na'urar. Akwai wata dabara da muke koya wa 'yan aji biyar: a cire ram duka a kunna. In na'urar tana da ƙaramin lasifika ta kuma yi kukan rashin ram, alama ce furosesa tana da rai, domin ita ce ta karanta umarnin yin kukan. In shiru, zargi ya koma kan furosesa, ko gurbinta, ko wutar da ke zuwa mata.

Wutar nan kuwa ita ce abin da aka fi mantawa. Ban da babbar wayar da ke shiga bod, akwai ƙarama mai baki 4 ko 8 kusa da furosesa, ita ke kai mata volt 12. Sau da yawa akan zare ta domin hannu ya sami wuri, a rufe akwati ba a mayar ba. Fanka za ta juya sarai, amma furosesa tana cikin duhu. Haka wayar fankar furosesa, in ba a mayar da ita wurinta ba waɗansu na'urori sukan tsaya da gargaɗi. Ram ma yakan ɗaga kaɗan in hannu ya buge shi. A cire shi, a hure ƙurar gurbin, a sa guda ɗaya tak har a ji ya ce ƙas ta gefe biyu.

In duk wannan bai yi ba, a share abin da bod ya tuna game da tsohuwar furosesa. Akwai batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, volt 3. A cire shi na minti biyar, wuta a zare, a mayar. Bayan haka a yi haƙuri da tashin farko. Na'urar tana iya kunnuwa ta mutu ta sake kunnuwa da kanta sau biyu, tana auna ram ne. Mun sha ganin an kashe ta da hannu a daidai lokacin da take gab da tashi.

Sai a duba gurbin. A ɗaga furosesa a miƙe, kada a ja ta gefe, a haska tocila a karkace. Alluran suna jere kamar kunyoyin gona da aka yi huɗa da shanu. Wadda ta lanƙwashe za ta yi ƙyalli dabam da 'yan'uwanta. Allura ɗaya ta isa ta hana tashi, ko ta sa na'urar ta daina ganin rabin ram, domin hanyar ram ta cikin furosesa take bi. A furosesar AM4 alluran a jikinta suke, ba a gurbi ba, kuma takan manne wa ƙarfen sanyaya ta fito tare da shi, saboda haka a murɗa ƙarfen a hankali kafin a ɗaga. Miƙe allura aikin mai gyara ne da madubin ƙara girma. Ba ma barin ɗalibi ya gwada da allurar ɗinki. Wajen mayarwa, ƙaramar alama mai kusurwa uku da ke gefe ɗaya ta fuskanci irinta a gurbi, furosesa kuma ta kwanta da nauyinta kaɗai.

Wani lokaci kwamfutar ta tashi, mu ne ba mu gani ba. Furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe, kamar i3-9100F, da waɗansu Xeon da ake sayarwa da araha, ba su da sashen fitar da hoto. In wayar allon kallo tana jikin bod, ba za a ga kome ba sai an sa katin hoto dabam.

Wadda kuma ke tashi ta yi minti ɗaya ko biyar ta mutu, zafi ne. Tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya akwai wani mai ruwan toka da ke ɗauke zafi. In an ɗaga ƙarfen, sai a goge tsohon tas a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Man goge baki ba ya yin wannan aiki, ko da wa ya faɗa. A ɗaure kusoshi huɗun nan kaɗan kaɗan, a tsallake daga kusurwa zuwa kusurwa. Furosesa takan kashe kanta in ta kusa digiri 100, a zafin Maris da Afrilu kuwa, da ƙura da gashin auduga sun toshe fanka, ba ta da nisa da kaiwa can. A duba kuma ko akwatin wuta zai iya. Ƙananan na'urorin ofis masu siririn jiki an yi waɗansunsu domin furosesa mai watt 65 ko ƙasa, mai watt 95 tana yi musu nauyi.

In ta tashi har Windows ta nemi dogon mabuɗi na BitLocker mai lamba 48, kada a danna kome da gaggawa, kada kuma a yarda da wanda ya ce a share a sake zuba Windows. A nemi mabuɗin a asusun Microsoft na mai na'urar, ko a mayar da tsohuwar furosesa a gwada, in ta buɗe a kwashe takardu tukuna.

Wanda ya bi duk wannan bai dace ba, sai tafiya wurin mai gyara a Funtuwa, ko Zariya, ko titin Beirut a Kano. Ya tafi da akwatin duka da furosesa biyun, kowace a naɗe dabam, da takarda mai ɗauke da lambar na'urar, da yawan ƙarar da ta yi, da abin da aka riga aka gwada. Ya roƙa a sa sabuwar furosesar a wani bod da ya dace da ita a gaban idonsa, kafin a yi maganar sayen wani abu.